Maikiroskof ɗin USB mai rubutun 1000x da ragar tace ruwa, ra'ayina ga masu ƙyanƙyasar kifi

Salamu alaikum 'yan uwa masu harkar kifi. Wannan ɗan maikiroskof ɗin da ake jonawa da waya ko laftof, wanda ya cika shagunan onlayin yanzu, mai rubutun 1000x ɓaro-ɓaro a jikin kwali, toh 1000x ɗin nan dai ƙarya ce tsagwaronta, gara in faɗa muku tun daga farko. Amma duk da haka cewa nake ku saya, in dai kuna ƙyanƙyasar tarwaɗa ko kuna da kududdufin ƙasa da kuke zuba wa kashin kaji har ruwan ya yi kore shar. Ni tare na haɗo shi da ragar tace ƙwayoyin ruwa, wadda 'yan jami'a ke ce wa ragar filankton, daga wajen wani mai sai da kayan kiwon kifi, kuma a kan su biyun zan yi magana dan ɗaya ba ya wani amfani sai da ɗayan. Lokacin da na saya, kuɗin maikiroskof ɗin bai kai na buhun abincin kifi ɗan waje ba, ragar ce ma ta ɗan fi cizo.

Abin da ke cikin kwalin ba shi da yawa. Shi kansa abin, tsawonsa bai wuce na ƙaramar tocila ba, da fitilu 8 farare kewaye da bakinsa, da wili guda da ake murzawa dan saita gani, da wani ɗan wilin a jikin waya na ƙara haske ko ragewa. Sai ƙafar ƙarfe da ake ɗora shi a kai, sai ɗan kai na jonawa da waya, sai wata 'yar leda mai zanen ma'auni. Suna kam babu, kwalin bai faɗi kamfani ba balle adireshi, iri ɗaya ne ake bugawa a Chana kowa ya manna tambarin da ya ga dama.

Maganar 1000x kuwa ba sai an yi gardama ba, ɗauko rula ka sa a ƙarƙashinsa kawai. Abin yana da wurare biyu da hoto ke fitowa tar, na nesa da na kusa. A na nesa ina ganin wajen milimita 7 na rula a faɗin sikirin, a na kusa kuma bai kai milimita 2 ba, wato in ka lissafa a sikirin ɗin laftof na farko yana wajen 40 zuwa 50, na biyu kuma da ƙyar ya ɗan haura 200. Kuma kyamarar cikinsa ƙarama ce sosai, in ka ja hoton ya yi girma sai ya farfashe ya koma gida-gida. Bakteriya kam ka manta, wanda ya ce maka zai nuna maka ƙwayar cuta a jinin kifi da wannan, ciniki kawai yake nema. Araha ba ta ado, mun sani. Sai dai ku tuna Leeuwenhoek, mutumin Holan ɗin nan mai sai da yadi a garin Delft, da gilashi ƙwaya ɗaya tak da ya goge da hannunsa ya leƙa ruwan tafkin Berkelse Mere a 1674 ya ga ƙananan halittu suna yawo, kuma mafi ƙarfin madubansa da suka rage har yau bai kai 300 ba. Dan haka 50 da 200 ba abin rainawa ba ne.

Dalili shi ne abubuwan da mu ke buƙatar gani, wato ƙananan ƙwarin ruwa, waɗanda 'ya'yan kifi ke ci da kuma masu farautar 'yan uwansu, ba su kai ƙanƙantar bakteriya ba ko kusa. Moina babba tana tsakanin rabin milimita zuwa milimita 1, Brachionus wajen rubu'in milimita ne, cyclops daga rabin milimita zuwa 2, tsutsar Chaoborus kuwa har santimita guda tana kaiwa. Duk waɗannan a saitin nesa ma kana ganinsu, har ka bambance mai ƙwai da marar ƙwai, har ka ga koren da ke cikin hanjin Moina. A saitin kusa kuma zuciyarta ma kana gani tana bugawa ta can wajen baya, da saurin da ido ba ya iya ƙirgawa.

Matsalar farko haske. Fitilun nan 8 daga sama suke haskawa, an yi su ne dan masu gyaran waya da masu duba kuɗi ko fata, toh in ka haska ruwa da su ba abin da za ka gani sai fararen ɗigo 8 suna ƙyalli a saman ruwan, su kuma ƙwarin jikinsu garau yake, haske ya ratsa ya wuce. Yadda nake yi, ina kashe fitilun gaba ɗaya, in ɗora gilashi a kan kofuna biyu, in sa farar takarda a ƙasa in haska takardar da tocilar wata wayar. Ko kuma, wanda ya fi kyau ma a ganina, baƙin ƙyalle a ƙasa sai hasken ya zo ta gefe, nan sai ka ga halittun sun fito fari tas a kan baƙi, har gashin jikinsu. Matsala ta biyu ƙafar ƙarfen, wlh abin haushi ce, da ka taɓa wilin saiti sai duk abin ya karkace, abin da ka gano ya ɓace, sai ka sake lalube. Wani mai walda ya yi mini ƙafa mai nauyi da guntun fayif da faranti, tun daga nan na huta. Ta uku kuma ba laifin na'urar ba ne, su ƙwarin ba sa tsayawa wuri guda, barin ma cyclops da ke zabura ya fice daga sikirin kafin ka ƙifta ido. Maganin wannan, rage ruwan da sirinji har ya zama ɗan ɗigo, ko ka ɗiga ruwan soda marar sukari kaɗan, gas ɗin ciki yana sa su yi laƙwas ba tare da sun mutu nan take ba. Masu bincike ma da shi suke amfani kafin su zuba maganin adanawa.

Ragar kuwa anan ne na fi samun saɓani da mai kayan. Na ce masa mai ido 60 maikiron nake so (maikiron 1,000 ne milimita 1), ya ce ai duk ɗaya ne, wadda ya fara turo mini ba ko rubutu a jikinta, da na sa ta ƙarƙashin maikiroskof ɗin kusa da ledar ma'auni sai na ga idonta ya kusa 200. Ya dai canza mini bayan 'yar muhawara, wannan kam na yaba masa. Ba duk ɗaya ba ne sam. Raga mai ido 200 za ta kamo maka Moina da manyan cyclops, amma Brachionus da Keratella da jariran cyclops duk za su zurare ta ido, sai ka zo kana cewa kududdufinka babu su alhali sun cika shi maƙil. Mai 60 ɗin kuma nata aibin, a ruwa mai kauri da kore nan da nan take toshewa, ka ja sau biyu ta koma tura ruwa gaba maimakon tacewa. Ni yanzu ba na ma jan ta, bokiti nake ɗiba in zuba a ciki a hankali, ta haka ma na san lita nawa na tace. Ɗinkinta da kyau, zoben bakin ne ya fara tsatsa da wuri, kwalbar ƙasan kuma roba ce mai murfin juyawa, ba ta yoyo.

Toh yanzu abin da ya sa nake cewa ku saya.

Abu na farko da za ka gano, abin da galibinmu ke kira dafniya, wanda ake ɗebowa a kwatami ko a saya a leda, Moina ce. Manyan Daphnia irin na Turai, waɗanda wata har milimita 5 take kaiwa, ba su cika yawa a ruwayen ƙasashe masu zafi ba, namu ƙanana ne, Moina da Diaphanosoma da Ceriodaphnia, har a tafkin Chadi ma irin su ne masu binciken Faransa suka yi ta samu. Wannan ba matsala ba ce, ga firai ma, wato jariran kifi sabbin ƙyanƙyasa, Moina ta fi dacewa da bakinsu. Jan da kake gani in sun taru, sinadarin jini ne suke ƙarawa a jikinsu in oksijin ya yi ƙaranci a ruwan, dan haka ja sosai ba wai alamar sun ƙoshi ba ce, alamar ruwan ya fara shaƙewa ne. Kuma duk mata ne, suna haihuwa ba namiji, sai yanayi ya ɓaci ne maza ke fitowa a yi ƙwai mai taurin ɓawo da zai kwanta a laka ya jira. In ka fara ganin wani baƙin abu a bayan Moina a sikirin, toh kwaminka ya kusa rushewa, fara shirya wani.

Na biyu, kuma nan ne daɗin yake, ruwan da ka zuba wa taki ba ya zama yadda yake, mulki ne ke canza hannu. Kwanakin farko bayan ruwa ya yi kore, ƙananan nan masu gashin baki da ke juyawa, wato rotifa irin su Brachionus, su ke cika wuri dan sun fi kowa saurin hayayyafa. Daga baya Moina ta taso ta fi su iya tace koren, ta danne su. Can daga ƙarshe cyclops su karɓe, dan su sai sun bi matakai da yawa kafin su girma. Mu da ke zuba firai a kududdufin reno, duk ribarmu da asararmu tana wajen wace rana muka zuba a cikin wannan jerin, amma da ido duk kore ne kawai kake gani.

A cikin rotifa ɗin akwai wata, Asplanchna, babba ce a cikinsu dan tana iya kai milimita guda. Jikinta buhu ne kawai garau, ba ta ma da mafitar kashi, abin da bai narke ba ta baki take amayo shi, kuma ɗanta kana ganinsa a cikinta yana motsi kafin ta haife shi. Ita 'yan uwanta rotifa take haɗiya. Na ga guda da Brachionus biyu a cikinta ɓawonsu bai ko fashe ba, yarana har rige-rigen kallon bidiyon suke. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne martanin Brachionus ɗin. A kwamin da babu Asplanchna, bayansu a daƙile yake. A wanda take da yawa, sai ka gansu da dogayen ƙayoyi biyu ta baya, in an taɓa su sai su ware ƙayoyin gefe da gefe su gagari haɗiya. Ba wani jinsi daban ba ne, iri ɗaya ne. Wani masani ɗan Amurka, John Gilbert, ya nuna a 1966 cewa wani sinadari ne da Asplanchna ke saki a ruwa, uwar Brachionus in ta ji shi sai 'ya'yan da za ta haifa su fito da ƙaya, ita uwar ba ta canzawa. Shi ɗin dai ya gano cewa wata Asplanchna in ta samu bitamin E a abincinta sai ta fara haifar manya-manyan 'ya'ya masu faɗin baki da ke cin 'yan uwansu na jini. Amfanin wannan gare mu a fili yake, in ka ga Brachionus ɗinka sun fito da ƙaya ka san akwai mai cinsu a ruwan ko da ba ka kamo ta a ɗigon da ka duba ba.

Sai cyclops, wanda shi ne ainihin wanda ya kamata mai ƙyanƙyasa ya iya ganewa. Ido ɗaya a tsakiyar goshi, jiki mai kauri ta gaba ya tsuke ta baya, wutsiya mai reshe biyu, macen tana ɗauke da jakar ƙwai biyu hagu da dama. Akwai ɗan uwansa mai dogayen ƙahoni da suka kai tsawon jikinsa, macensa jaka ɗaya take ɗauka, wannan galibi kore yake ci ba ruwansa da kowa, kar ku haɗa su. Shi cyclops yana ƙarami kore yake ci, in ya girma sai ya koma farauta, ya ci rotifa, ya ci jariran Moina, ya ci jariran gidansu ma. Manyan irin su Mesocyclops har firai suke far wa, su maƙale a jiki su yagi fiffike ko fata. Firai ɗin tarwaɗa da ya shanye gwaiduwarsa a kwana na 3 bai wuce 'yan milimitoci ba, ka ɗebo abinci daga tsohon kududdufi ka zuba masa da niyyar ciyarwa, ashe rabin abin da ka zuba masu cizonsa ne, kuma shi ba ya ma iya kama su dan sun fi shi zafin nama. Mutane da yawa in firai ya ƙare sai a ce ruwa ne, ko ƙwan ne ba kyau, ko baki ne. Wani lokacin haka ne ruwan ne, amma kafin ka zargi kowa ɗiga ɗigo ɗaya ka duba. A ƙasar Hungary masu renon kifin kaf sun daɗe da sanin wannan, har magani suke zubawa a kududdufi ya kashe cyclops ya bar rotifa kafin su saki firai. Ni ban ba kowa shawarar zuba maganin ƙwari a ruwan kifi ba, tacewa ta isa, ka bi da abincin ta raga mai ido wajen 200, abin da ya wuce ƙasa ka ba ƙananan, abin da ya tsaya a sama ka ba fingalin, wato waɗanda suka ɗan tasa, su za su iya da shi.

Wannan cyclops ɗin fa ba baƙo ba ne a wajenmu, iyayenmu sun sha wahalarsa ba tare da sun taɓa ganinsa ba. Shi ne mai ɗauke da tsutsar kurkunu. Ya haɗiyi jaririyar tsutsar a tafki, mutum ya sha ruwan da shi a ciki, bayan wajen shekara guda tsutsa mai tsawon da kan kai mita ta ɓullo a ƙafa, yawanci ma daidai lokacin noma. A ƙidayar farko ta 1988 zuwa 1989 an samu sama da mutum 650,000 da cutar a Najeriya. Matacin ƙyallen da ma'aikatan cibiyar Carter suka yi ta rabawa ƙauye-ƙauye, lokacin da Janar Yakubu Gowon ke zagayen wayar da kai, aikinsa guda ne da ragar nan tawa, tare cyclops. A 2013 hukumar lafiya ta duniya ta tabbatar Najeriya da Nijar sun rabu da ita, Ghana a 2015, Chadi kuwa har yanzu ana fama, har a jikin karnuka. Na nuna wa wani dattijo maƙwabcinmu mai tabon kurkunu a idon sawu hoton a waya, ya daɗe yana kallo sannan ya ce ashe wannan ɗan abin ne. A Biyetnam kuma shi wannan Mesocyclops ɗin da gangan suke zuba shi a randunan ruwa dan ya cinye jariran sauron da ke kawo zazzaɓin dengi, tun shekarun 1990, kuma ya yi musu aiki.

Akwai wani kuma da ba za ka gani ba in da rana kawai kake ɗibar ruwa, tsutsar Chaoborus. Garau take, ba abin da ke tona ta sai baƙaƙen idanu da jakunkunan iska guda huɗu, biyu gaba biyu baya, da su take tsayawa cak a tsakiyar ruwa ba motsi tana jiran abin da zai gifta, sai ta cafke shi da ƙahoninta. Da rana laka take shiga ko can ƙasa inda ba oksijin, inda kifi ba zai bi ta ba, da dare ta hau sama farauta. Ƙudan da take zama ba ya cizo, shi ne ke tashi tuli guda a saman tafkin Malawi da na Biktoriya har daga nesa a zaci hayaƙi ne, mutanen bakin tafkin Malawi ma tara shi suke su matse su ci. Dan haka shawarata, ku riƙa ɗiba sau biyu, da rana da kuma bayan isha'i, wlh sai ka rantse kududdufi biyu ne daban. Ba ita kaɗai ke wannan hawa da sauka ba, Daphnia ma a tafkuna masu zurfi haka take yi dan gudun idon kifi, kuma a 2019 masu bincike a jami'ar Kolon ta Jamus suka gano cewa wani sinadari ne daga ruwan matsarmamar kifi take shinshina a ruwa ta san lokacin nutsewa ya yi.

In ka haɗa duka, ƙwarin nan tsakanin maƙiya biyu suke. Kifi da ido yake farauta, babba yake zaɓa, mai ƙwai, mai ja. Su cyclops da Chaoborus da Asplanchna kuma ƙarami suke iya riƙewa. Toh inda kifi ya yi yawa sai manya su ƙare ƙanana su rage, inda ba kifi sai ƙananan su sha wuya manya su yi sarauta. Wani masani ɗan ƙasar Cek, Hrbáček, ya nuna haka a kududdufan bakin kogin Elbe a 1961, sannan Brooks da Dodson a 1965 suka kwatanta tafkin Crystal na jihar Connecticut a 1942, kafin wani kifi mai suna Alosa ya shiga, da kuma 1964 bayan ya shiga, suka ga manyan Daphnia sun ɓace sai ƙanana irin su Bosmina. Ni ma a ɗan ƙaramin wajena na ga irin haka, kududdufin da ke cike da 'ya'yan karfasa in na tace ba komai sai rotifa da jariran cyclops, ruwan kore har ba ka ganin tafin hannunka in ka nutsa zuwa gwiwar hannu, kwamin gefe da ba kifi kuma taki ɗaya ruwa ɗaya, Moina ta tace shi har ana hango ƙasa.

Wannan ya canza mini tunani a kan koren ruwa. Da cewa nake taki ne kaɗai ke kawo kore, in ya yi yawa a rage taki a canza ruwa. Gaskiya ne taki ne tushe, amma wa ke cin masu cin koren shi ma rabin labarin ne. Misalin da ya fi fitowa fili tafkin Mendota ne a jihar Wisconsin, tafki ne da takin gonaki ya yi wa yawa tun da daɗewa. Daga 1987 aka yi ta zuba manyan kifaye masu cin ƙananan kifi dan Daphnia ta samu sarari ta tace ruwan, kuma ruwan ya washe. Sai a 2009 aka ga wani baƙon ƙwaro, Bythotrephes, mai doguwar wutsiya mai ƙaya da ƙananan kifi ba sa iya haɗiya, asalinsa daga Turai da Asiya, ya shigo Amurka ta ruwan da jiragen ruwa ke ɗauka dan daidaita nauyi. Shi kuma abincinsa Daphnia. Hasken ruwan ya ragu da kusan mita 1, binciken jami'ar Wisconsin na 2016 ya ƙiyasta asarar a kan dala miliyan 140. Ƙwaron da duk da wutsiyarsa bai wuce santimita guda da ɗan abu ba.

Wani abin da maikiroskof ɗin ke taimakawa kuma, ba duk kore ne abinci ba. In ka duba ka ga ƙananan ƙwayoyi a warwatse ɗai-ɗai, wannan Moina na so. In ka ga dunƙule-dunƙule masu yauƙi ko dogayen zaruruwa, irin wanda ke taruwa a saman ruwa da safe kamar an zubar da fenti, wannan su Microcystis ne da danginsu, ba sa haɗiyuwa, zaren yana toshe wa masu tacewa baki, wasu ma guba gare su. A irin wannan ruwan ka ƙara taki ka ƙara wa kanka matsala ne kawai. A saitin kusa dunƙulen yana fitowa sosai, ƙwayar ɗaya-ɗaya ce dai ba za ka gani da kyau ba.

Wanda bai kamata ya saya ba, ɗalibin da ke rubuta furojet kuma sufabaizansa ke son sunan jinsi cikakke. Da wannan za ka ce wannan Brachionus ne wancan cyclops ne, amma bambance Thermocyclops da Mesocyclops sai an duba 'yar ƙaramar ƙafa ta biyar, wannan aikin babban maikiroskof ɗin ɗakin gwaji ne, ko ka nemi mutanen cibiyar binciken kifi ta New Bussa. Haka mai kiwo a tankin roba da ke sayen jubinail, wato 'ya'yan kifi da suka riga suka tasa, yana ba su abincin buhu kawai, ba ruwansa da kududdufi, ba abin da zai ƙara masa sai dai nishaɗi. Malaman firamare da sakandare kuwa ina ganin kowace makaranta ya kamata ta ajiye guda, aji guda na kallon sikirin ɗaya a lokaci guda, ba layin leƙa ido.

Kafin ka biya, dan Allah ka gwada shi da wayarka a gaban mai shagon, dan ba kowace waya ke karɓar kyamara ta OTG, wato ta wajen sa caji, ba, tawa ta karɓa ta ƙanina ta ƙi fur, masu iPhone kuma sai dai su nemi samfurin mai wayfay. Manhajar da takardar ciki ta ce a sauke cike take da talla kuma tana neman izinin shiga lambobin waya, ban ga haɗin kallon Moina da lambobin mutane ba, na goge ta na sa wata ta kyamarar USB, a laftof kuma kyamarar Windows ta buɗe shi ba tare da an sauke komai ba. Yana shan batir sosai kuma yana ɗumi in ya daɗe a kunne. Ba ya son ruwa ko kaɗan duk da bakinsa na roba ne, kar ka tsoma shi a kwami, kuma lokacin hunturu ka riƙa mayar masa da murfinsa dan ƙura in ta shiga kan gilashin ciki, baƙin ɗigo za ka yi ta gani a kowane hoto, fitar da ita kuma aiki ne. Ragar kuma ka ɗauraye ta da ruwan famfo ka shanya a inuwa duk lokacin da ka tashi daga wani kududdufi zuwa wani, in ba haka ba kai da hannunka za ka kai ƙwan cyclops cikin kwamin Moina ɗinka. In maki ake so, maikiroskof ɗin 7 cikin 10, ƙafarsa 2, ragar 8 in dai ka tsaya an ba ka mai idon da ka nema.